Malantar jami'a a tarihin fasahar wannan zamani: ta ina ake shiga, kuma yaushe ake haɗa fannoni?

Ɗalibar Zane: Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Tambayata kashi biyu ce. Wanda ya gama digirin farko a sashen zane-zane, yana son ya zama malamin jami'a a ɓangaren tarihin fasahar wannan zamani, ba ɓangaren fenti ko sassaƙa ba, wace hanya zai bi har ya kai babban lakcara? Na biyu, ana yawan cewa fannin nan ba ya tafiya sai an haɗa shi da adabi, ko gine-gine, ko fim, ko nazarin addini. Tun a digiri na biyu ake fara wannan haɗin, ko sai mutum ya kafu tukuna? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam ɗiyata. Matakan dai a jami'o'in Najeriya sanannu ne. Mai digiri ɗaya da sakamako mai kyau ana ɗaukarsa GA, wato Graduate Assistant, matakin farko na koyon malanta, da sharaɗin ya yi digiri na biyu. In ya yi, ya zama mataimakin lakcara. Daga nan sai Lakcara II, Lakcara I, babban lakcara, mataimakin farfesa, farfesa. Tsakanin mataki da mataki galibi shekara 3 ce mafi ƙaranci, kuma cikar shekarun kaɗai ba ta ɗaga mutum sai da abin da ya wallafa. Wanda ba shi da digiri na uku, a yawancin jami'o'i Lakcara I ce iyakarsa. Matakai biyun ƙarshe kuwa ba a cikin gida ake yanke su ba. Ana tattara rubuce-rubucen mutum a aika wa farfesoshin wasu jami'o'i, yawanci uku, ba a gaya masa ko su wane ne.

Wurin karatu akwai Zariya, inda tarihin fasaha yake ɓangare guda a sashen zane, kusa da fenti da sassaƙa da koyar da zane. Akwai Nsukka da Ife da Benin, da Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ibadan.

Tambayarki ta biyu ita ce mai nauyi. Shawarata ki fara da gida ɗaya. Gidan nan shi ne a ajiye miki aiki a gabanki ki iya cewa da me aka yi shi, yaushe, wa ya saya, ina aka fara nuna shi, me aka rubuta a kansa a lokacin, kuma me ya bambanta shi da wanda mai zanen ya yi shekara biyar kafin nan. Wanda bai mallaki wannan ba, in ya shiga adabi ko siyasa, zanen zai koma masa ado kawai a gefen shafi. Taura biyu ba ta taunuwa ga mai digiri na biyu da ke da shekara biyu kacal.

Mai Tsara Nuni: Ranka ya daɗe, ina da ja a nan. Waɗanda suka gina fannin nan da yawansu daga waje suka shigo. Okwui Enwezor kimiyyar siyasa ya karanta a Amurka, amma shi ya jagoranci babban nunin fasaha na Documenta karo na 11 a Jamus a 2002, ya kuma tsara babban nunin Benis ta Italiya a 2015. Salah Hassan, ɗan Sudan da ke Jami'ar Cornell, a nazarin al'adun gargajiya ya yi digirinsa na uku a Pennsylvania, kuma bincikensa a kan malaman allo ne na ƙasar Hausa, rubutunsu da kayan aikinsu. Su biyun suna cikin waɗanda suka kafa mujallar Nka a 1994. To in da an ce musu su tsaya gida ɗaya fa? Fasahar yau ma kanta ba ta tsaya kan kyalle da fenti ba. Ta yaya za a yi bayanin manyan ayyukan El Anatsui, da aka ɗinka murafen kwalaben giya da wayar tagulla, ba tare da tarihin cinikin barasa tsakanin Turawa da gaɓar Afirka ta Yamma ba?

Tsohon Malami: Malama, misalanki daidai ne, amma ki duba hanyar da kowannensu ya bi. Enwezor ba matakan jami'a ya hau ba. Ta mujalla da tsara nuni ya yi suna, kujerun koyarwa daga baya suka same shi. Yarinyar nan kuwa tana tambaya ne a kan hanyar da kwamitin ƙarin girma zai zauna da fayil ɗinta. Salah Hassan kuma ai gida gare shi: ya koyi aikin fili, zama da malamai, tattara alluna da layu da kayan rubutu, ya bi ƙa'idar fanni ɗaya har ƙarshe. Ban ce kada ta karanta wasu fannoni ba. Cewa na yi kundinta ya zama wanda masanin tarihin fasaha zai karanta ya ce wannan namu ne.

Na Ofishin Tsangaya: Bari in ƙarfafa maganar Baba ta ɓangaren takarda, don a nan mutane ke faɗuwa. Abu na farko, duk wanda aka ɗauka aiki ya nemi ɗan littafin ƙa'idojin ɗauka da ƙarin girma na jami'arsa a makon farko. Yawan maƙalun da ake nema da makin kowane irin aiki ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, kada a dogara da abin da aboki na wata jami'a ya faɗa.

Abin da ke cutar da masu haɗa fannoni shi ne wannan. Sashe ɗaya ne ya ɗauke ka, shi zai gabatar da kai, kuma daga fanninsa za a zaɓo masu tantancewa na waje. In fayil ɗinka ya je da maƙala huɗu a mujallun adabi, uku a na yaɗa labarai, biyu a na addini, ɗaya tak a ta fasaha, mai tantancewa yana iya rubuta cewa ba a ga inda ka ƙware ba. Wannan jimla guda ta isa ta mayar da mutum baya shekaru. Maganinta shi ne a ga zare ɗaya ya ratsa dukkan ayyukan, kuma mafi rinjayensu su fito a inda masana fasaha ke karantawa.

Sai maƙalar haɗin gwiwa. Da yawan jami'o'i raba makin suke yi tsakanin marubuta, na farko ya fi samu. Mutum biyu da ke aiki tare su riƙa karɓa-karɓa wajen sunan farko, su yi wannan magana tun kafin a fara rubutu. Rubutun katalog na nuni kuma, duk kyansa, sau da yawa ƙaramin maki ake ba shi saboda bai bi ta hannun masu bita ba. Kada a bar shi haka. A faɗaɗa shi da sabuwar hujja ya zama maƙala, a kuma faɗi a ƙasan shafi inda tushensa ya fara fitowa. Mujallar da ta ce ka biya kuɗi ta buga maka cikin mako biyu, ka guje ta. Kwamitoci sun san su yanzu.

Ɗalibar Zane: Na gode Malam. To wane irin batu ne ya dace da kundin digiri na biyu? Kusan duk kundayen da ake nuna mana a kan ƙungiyar ɗaliban Zariya ta 1958 suke.

Mai Tsara Nuni: Ƙanwata, dole ki san wannan tarihin ciki da waje, amma ba dole ki sake rubuta shi ba. Ki san Aina Onabolu, majagaban zanen zamani a Najeriya, da zuwan malamin zane Bature Kenneth Murray a 1927, da ɗalibinsa Ben Enwonwu. Ki san yadda Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da abokansu suka ce za su gauraya dabarun da aka koya musu da na gidajensu, da yadda Okeke ya kai wannan tunani Nsukka bayan yaƙin basasa ya ɗora shi kan uli, zanen gargajiya na matan Ibo. Ki san kulob ɗin marubuta da masu fasaha na Mbari a Ibadan na 1961, da bikin al'adu na FESTAC na 1977, da nunin Faris na 1989 wanda ya tayar da ƙurar wane ne ake kira mai fasahar zamani a Afirka. Wannan duk an nome shi, kuma manyan masana irin su Chika Okeke-Agulu da Sylvester Ogbechie sun yi aiki mai zurfi a kai.

Inda ƙasa take a buɗe daban ne. Clara Ugbodaga-Ngu ta koyar a Zariya tun daga 1955, amma ba ta samu kulawar da ɗalibanta suka samu ba. Akwai waɗanda suka fito daga hannun Gani Odutokun, wanda ya rasu a 1995, suka bazu a kwalejojin ilimi da na fasaha a Arewa, suna aiki shekara da shekaru babu wanda ya jera ayyukansu. Akwai masu zayyanar allo da Alƙur'ani. Akwai masu fentin bayan tifa da allunan shaguna, da masu tsara fastocin finafinan Hausa tun zamanin kaset. Akwai zanen bango na gidajen Zariya da Kano, lokacin da magina suka fara sa keke da agogo da jirgin sama kusa da dagi. David Heathcote, wanda ya koyar a Zariya, ya kai kayan fasahar Hausa nuni a Landan a 1976. Abin da ya faru da waɗannan sana'o'i daga nan zuwa yau yana jiran mai rubuta shi.

Malamin Tukwane: Ina so in nuna wa ɗalibarmu yadda abu ɗaya ke tilasta haɗa fannoni da kansa, ba don an ga ana yayi ba. Ɗauki tulun Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20. Ta koyi ginin tukwane irin na Gwari, da hannu, ba da na'urar juyi ba. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, ita ce mace ta farko a wurin. Ta ci gaba da gina tulunta da hannu, da zanen ƙadangare da kifi da kunama a jiki, amma yanzu da yumɓu mai jure wuta, a shafe shi da ruwan ƙyalli, a gasa a murhu mai zafin sama da digiri 1,200.

Ga abin lura. Tulun gargajiya da aka gasa a wutar fili yana da ƙananan ƙofofi a jikinsa, ruwa na tsattsafowa, iska ta busar, na ciki ya yi sanyi. Wanda aka yi wa ƙyalli ba ya tsattsafo, saboda haka ba ya sanyaya ruwa, ga shi da nauyin da mace ba za ta ɗauka zuwa rafi ba. Siffar tana nan, aikin ya tafi. Ya tashi daga tsakar gida ya koma kan teburin nuni a Landan. Don ki bayyana wannan sauyi kina buƙatar ɗan ilimin sinadarai, da tarihin manufar gwamnatin mulkin mallaka kan ƙananan masana'antu, da sanin rabon sana'a tsakanin maza da mata, da yadda kasuwar Turai ke sa farashi. Amma tambayar daga jikin tulun ta fito. In kika fara da ka'idar da kika karanto sannan kika je neman tulun da zai dace da ita, nan ne aiki ke lalacewa.

Tsohon Malami: Madalla. Wannan shi ne abin da nake nufi, kuma ina jin Malama ma ba za ta ƙi shi ba.

Mai Tsara Nuni: Ban ƙi ba, ranka ya daɗe. Abin da nake tsoro shi ne "gida ɗaya" ya zama hujjar hana ɗalibi shiga ajin wani sashe. Ana yin haka, kuma asara ce.

Mai Ɗaukar Hoto: Tunda an zo kan aikin fili, ga abin da kowane aiki ke buƙata a takardarsa: sunan mai shi, sunan aikin, shekara, kayan da aka yi amfani da su, girma da santimita (tsawo kafin faɗi, ba tare da firam ba), inda sa hannu yake, wanda ke riƙe da shi yanzu, hannayen da ya bi, da nune-nunen da ya shiga. A juya bayansa a duba. Sau da yawa a nan ake samun tsohon suna, tambarin gidan nuni, ko shekarar da ta saɓa da ta gaba.

Hoto kuma, a kafa kyamara a kan ƙafa uku, tana fuskantar tsakiyar aikin daidai, ba daga ƙasa ko gefe ba, in ba haka ba murabba'i zai fito a karkace. Fitila biyu, hagu da dama, kowace a kusurwar digiri 45. Kada a kunna filashin kyamara, fentin mai zai mayar da hasken ya yi fari fat a tsakiya. In babu fitilu, a fitar da aikin inuwa mai haske da safe. A sa kati mai launin toka a hoton farko don gyaran launi. A ɗauka a tsarin fayil na RAW, a adana a na TIFF, don kada ingancin hoton ya ragu. Mujallu na neman ɗigo 300 a kowane inci a girman da za a buga, wato cikakken shafin A4 yana son ɗigo kusan 2,500 sau 3,500. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce wa mai zane ya turo hoto ta WhatsApp. Manhajar tana matse shi, ya yi kyau a waya, ya farfashe a takarda. In dole ne, ya turo shi a matsayin fayil.

Kwafi uku: a kwamfuta, a faifan ajiya na waje, da ɗaya a intanet ko a wani gari. Takardu da katalogai a ɗaga su daga ƙasa saboda gara, a raba su da bangon da ke jiƙa da damina.

Malamar Adabi: In ƙara da hira. A nemi izini a rubuce, ko a naɗi izinin a farkon murya. A yi hirar a gaban ayyukan, don mutum ya fi tuna gaskiya in yana kallon abin. Kada ta wuce awa ɗaya da rabi, gara a dawo. Rubuta hirar awa ɗaya na cin awa biyar zuwa shida, a sa wannan a lissafin lokaci. In da Hausa aka yi, a ajiye Hausar yadda take, fassara ta zo a gefe. Kuma maganar mai zane a kan shekara ba ita ce ƙarshe ba, ba don ƙarya yake yi ba, shekaru ne ke haɗewa a kai. A gwada ta da takardar gayyatar nuni, ko jaridar lokacin. Tsofaffin kwafin New Nigerian da Nigeria Magazine, da abin da ke Gidan Arewa da ma'adanar takardun ƙasa a Kaduna, suna warware irin wannan.

Na Ofishin Tsangaya: Kada a manta haƙƙin mallaka. A dokar Najeriya ta 2022, zane da sassaƙa suna ƙarƙashin kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai su, hoton kyamara kuma shekara 50 daga fitowarsa. Wanda ya sayi zane ya mallaki kyallen ne, izinin bugawa yana hannun mai zanen ko magadansa. Mujallu irin su African Arts da Nka ba za su buga hoto ba sai da takardar izini, kuma a kan marubuci nauyin nemo ta yake. A karɓi sa hannun tun ranar hira. Wanda ya bari sai an karɓi maƙalarsa, yana iya tarar da mai zanen ya rasu, magada kuma ba su daidaita ba.

Ɗalibar Zane: Allah ya ƙara basira. Saura koyarwar. Malami ƙarami zai iya buɗe kwas tare da wani sashe, ko sai manya?

Malamar Adabi: Zai iya, in ya bi hanya. Sabon tsarin manhaja da hukumar jami'o'i ta ƙaddamar a Disambar 2022, wato CCMAS, ya ƙayyade kashi 70, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara da kanta. A nan irin wannan kwas ke samun wuri. Takardar za ta bi ta taron sashe, ta je tsangaya, sannan majalisar jami'a, kuma a ba ta aƙalla shekara guda. Kwas mai nauyin unit 2 awa 30 ke nan na lacca a zango mai mako 15. In aikin hannu ne, awa uku ke tsayawa a madadin awa ɗaya.

Abubuwan da ke kashe shi ba na ilimi ba ne. Lambar kwas ta wane sashe ce? Wa zai sa hannu a sakamako? In ku biyu kuka koyar, za a lissafa wa kowa cikakken nauyi ne ko rabi? Jadawalin tsangayoyi biyu ya yi karo ko bai yi ba? A Zariya ma sashen zane yana tsangayar tsara muhalli ne tare da masu gine-gine, su adabi da tarihi suna wata tsangayar, a Nsukka kuwa yana tare da su adabin. A rubuta amsoshin nan, shugabannin sassan biyu su sa hannu kafin ɗalibi ko ɗaya ya yi rajista.

Sai babban kuskuren aji: "ni mako bakwai, kai mako bakwai". Wannan kwas biyu ne a riga ɗaya, ɗalibai za su rubuta amsar Malam daban, ta Malama daban. Ku zauna a aji tare ko da sau huɗu ne, ku sa abu ɗaya a gaba, kowa ya karanta shi da idon fanninsa, ɗalibai su ga inda kuka saɓa. Misali kwas a kan rubutu da zane. A fara da allon zayyana na gaske a kan tebur, su taɓa, su ga inda tawada ta yi kauri da inda alƙalami ya ja siriri, da yadda aka raba fili gida-gida da ja da rawaya da kore. Daga nan a wuce ga Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin makarantar allo, wanda ya warware haruffan Larabci har suka zama siffofi, aka kuma yi masa babban nuni a Tate Modern a 2013. Sai Victor Ekpuk da nsibidi, alamomin rubutun gargajiya na kudu maso gabashin Najeriya. Aikin farko da za a ba su: kalma 500 suna siffanta abu ɗaya, ba fassarar ma'ana, ba tarihin mai shi. Ya fi kowane aiki ba su wahala, kuma shi ke koya musu kallo. Takardar raba maki ɗaya za ku yi, ku duba rubutu goma na farko tare.

Kada a dogara da majigi. A buga hotuna goma masu launi a takardar A3, a lulluɓe su da leda, in wuta ta ɗauke a raba aji rukuni-rukuni.

Ɗan Unguwa: Malamai, akwai abin da ba a taɓo ba. A ajinmu na nan akwai ɗaliban da ke da damuwa ta addini game da surar mai rai, balle hoton tsiraici da ke cike da littattafan tarihin fasahar Turai. Yaya malami zai yi?

Tsohon Malami: Tambaya ce ta gaskiya, kuma wanda ya raina ta zai rasa ajinsa. Malamin tarihin fasaha ba mai ba da fatawa ba ne, kada ya ɗora wa kansa. A kwas na haɗin gwiwa a gayyato malami daga sashen nazarin Musulunci ya shimfiɗa maganganun malamai a kan mai inuwa da marar inuwa, da hoton kyamara, da abin da aka yi don koyarwa. A sanar da ɗalibai tun mako guda kafin a nuna abin da zai yi musu nauyi. A aikin gida a ba da zaɓi, don abin da ake aunawa shi ne iya nazari, kuma ana iya nuna shi a kan aska takwas ta babbar riga kamar yadda ake nuna shi a kan mutum-mutumi. Amma kada a cire wani babi daga manhaja, domin wanda zai karɓi digirin dole ya san abin da fannin ya ƙunsa.

Ɗan Damagaram: Ga yadda abin yake a wajenmu, ko wani zai amfana. Ƙarin girman malaman jami'a yana bi ta CAMES ne, hukumar da aka kafa a Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu. Fayil yana zuwa gaban kwamitin masana na ƙasashe da dama, kuma kwamiti ɗaya ne zai duba shi, don haka matsalar da Malam na ofis ya faɗa tana nan a wajenmu ma. Shawarata ga 'yan'uwa na Najeriya ita ce Faransanci. Rabin tarihin fasahar yau ta Afirka ta Yamma da shi aka rubuta: katalogan nunin Dak'Art na Dakar, na taron masu hoto na Bamako da aka fara a 1994, da mujallar Revue Noire da ta fara fita a 1991. Wanda ke iya karanta su ya riga takwarorinsa nisa.

Mai Tsara Nuni: Gaskiya ne. Ga mai son digiri na uku a Amurka ma, yawancin sassan tarihin fasaha suna jarraba ɗalibi a karatun harsunan waje, sau da yawa biyu. Karatun kan ɗauki shekara 5 zuwa 7, biyun farko na aji ne. Ana rufe karɓar takardu wajen Disamba, ana neman wasiƙun malamai uku da samfurin rubutu na kimanin shafi 20, kuma samfurin nan shi ke magana fiye da komai. Babi ɗaya mai hujjar da ba wanda ya taɓa gani ya fi shafuffukan ka'idojin da suka riga suka sani. Hukumar TETFund, mai tallafa wa manyan makarantun Najeriya, ta sanar da dakatar da ɗaukar nauyin sabon karatu a ƙasashen waje daga Janairun 2025, don haka a nemi gurbin da jami'ar can ke biya. Wanda ya samu aiki a can kuma, yawanci shekara shida gare shi ya fitar da littafi kafin a tabbatar masa da aikin dindindin.

Ko a gida aka tsaya, a riƙa fita ana ganin aiki da ido. Cibiyar da Bisi Silva ta kafa a Yaba a 2007 tana da ɗakin karatu na fasaha, gidan tarihin Yemisi Shyllon ya buɗe a 2019, baje kolin fasaha na ART X na ci a Legas tun 2016. Taron ACASA, ƙungiyar masana fasahar Afirka, duk shekara uku ake yinsa, an yi na 2017 a Gana.

Ɗalibar Zane: Tambaya ta ƙarshe, Baba. Kafin in kai wa sashe takardar neman amincewa da batu, me zan tabbatar?

Tsohon Malami: Ki taƙaita: mutum ɗaya ko shago ɗaya, tsawon shekara 10 zuwa 15, ayyuka 40 zuwa 60. Kafin ki rubuta layi ɗaya, ki je ki ga aƙalla rabinsu da idonki, ki san inda sauran suke. Ki samu yardar mai su ko iyalinsa a rubuce, ta hira da ta hoto. In mace ce a gidan aure, ko malami mai almajirai, ki bi ta hannun wanda ya dace, kada ki faɗa musu da kyamara ranar farko. Ki duba ɗakin karatun sashe da babban ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a jami'ar Zariya ko wani ya riga ki, don maimaita batu na sa a dawo da takarda. Sannan ki nemi a sa miki mai duba aiki na biyu daga fannin da batun ya jawo, adabi ne ko gine-gine ko addini, amma na farko ya kasance na tarihin fasaha, kuma ki roƙi su zauna da ke su biyun a lokaci ɗaya kafin ki fara babi na biyu.